Motarka tana ƙara duk lokacin da ka taka totur? Ga yadda zaka gano daga ina take

Kana cikin tafiyarka lafiya lau, da ka ɗan taka totur sai kaji kar-kar-kar daga gaba, ka ɗaga ƙafa ta yi shiru, ka sake takawa ta dawo. Abinda yasa wannan ƙarar take ɗaga hankali shine zata iya zama noti ɗaya ne kawai ya kwance, kuma zata iya zama injin ne yake gab da tashi daga aiki, kuma ga kunnen da bai saba ba duk kusan iri ɗaya yake jinsu. Don Allah ɗan'uwa kada ka fara da sayen kaya, kada kuma ka yarda a sauke maka inji tun rana ta farko.

Ni kaina ya taɓa faruwa da ni. Motata ta fara wata ƙara kamar ana kaɗa gwangwani duk sanda nake tashi daga tsayuwa, na kai ta wajen wani bakanike, ko tafiya ba mu yi a cikinta ba ya ɗan ba ta wuta sau biyu yace mital ne, wato wasu siraran bawo a can ƙasan inji, sai an buɗe injin. Hankalina bai kwanta ba, na koma gida na bari ta huce har washegari da safe, na shimfiɗa kwali na leƙa ƙarƙashinta da fitilar waya. Sai ga wani siririn faranti da yake rufe da bututun salansa yana lilo, tsatsa ta cinye gefen ramin da notin yake har ramin ya fi kan notin faɗi, kuma a jikin bututun ga wani wuri ya yi ƙyalli fes saboda gogar da farantin yake masa. Na taɓa shi da yatsa, wallahi ƙarar nan ce sak. Wasa mai faɗi guda ɗaya, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, aka saka aka ɗaure, shikenan.

Amma kafin komai, duba baƙin mai. Wannan baya jira. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka kashe ta kamar minti 10 man ya sauka, ka zaro gejin ka goge ka mayar ka sake zarowa. Idan man yana ƙasa da alamar ƙasa, ko ma bai taɓa gejin ba, to kada ka sake tayar da ita sai ka cika. Sannan ka shafa man a farar takarda ka kalle shi a rana, in kaga wasu ƙananun abubuwa suna ƙyalƙyali a ciki to ƙarfe ne yake cin ƙarfe a cikin injin. Ka kuma tuna ko jar fitilar nan mai kamar buta ta taɓa kawowa, ko da ƙiftawa ne a kwana ko a silo, domin ita ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turin man take aunawa, idan ta kama kana tafiya ka gangara gefe ka kashe inji nan take. Allurar zafi ma ka lura ko ta fara wuce inda ta saba tsayawa.

In mai lafiya, zafi lafiya, toh sai aikin kunne. Kashe rediyo da esi, ka sauke gilashi, in da hali ka bi ta gefen doguwar katanga saboda tana dawo maka da sautin. Abubuwan da kake son sani ba su da yawa: da safe inji na sanyi take yi ko sai ya ɗau zafi, tana yi idan motar tana tsaye a firi ka ba ta wuta ko kuwa sai tana jan nauyi, kuma tana bin juyin inji ne ko gudun taya. Wannan na ƙarshen gwajinsa mai sauƙi ne, a hanyar da babu cunkoso ka riƙe gudu ɗaya sai ka sauko da giya ɗaya ƙasa, gudun mota bai canza ba amma juyin inji ya ƙaru, idan ƙarar ta ƙara sauri to daga inji take ko abinda yake manne da shi, idan bata canza ba to ka koma wajen taya da shaf. Ka kalli allurar juyin inji ka riƙe lambar da ƙarar take farawa, 1500 ne ko 2000 ko 3000. Kuma ka ɗauke ta a waya, domin mota tana da wannan halin na yin shiru da an isa gareji.

Bari in daɗe akan wadda ta fi yawa kuma aka fi kasa ganewa. Sautinta siriri ne, kamar an zuba ƙananun tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, kuma tana da lokutan da take so: kana hawan tudu a babbar giya, inji ya ɗau zafi, mota cike da mutane ko kaya, esi a kunne, ka taka totur daga ƙaramin gudu. In ka tsaya a firi ka ba ta wuta har ka gaji ba zaka ji ta ba. In kuma tana cikin yi ka sauko da giya sai ta ɓace ko ta ragu sosai. Idan haka taka take, to babu wani ƙarfe da ya kwance, wutar cikin silinda ce take ci ba bisa ƙa'ida ba. Yadda abin ya kamata ya kasance shine fulogi ya kyasta, wutar ta bazu a hankali ta cinye haɗin iska da fetur tana tura fistin ƙasa. Amma idan zafi da matsi suka yi yawa sai ragowar haɗin da yake can gefe ya fashe da kansa tun wutar bata iso shi ba, wannan fashewar ce take dukan bangon silinda da kan fistin, ita ce kake ji. Wannan ba shine abinda mutane suke nufi ba idan sunce inji ya yi nokin ya mutu, amma in aka bar shi yana yi wata da watanni yana iya fasa gefen fistin inda zobba suke zama, ya ƙona gaskit, ya kuma gajiyar da mital.

Me yake kawo ta? Na farko fetur. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, ƙarar nan bayan ka sha mai ta fara? Kowane inji yana da lambar oktan da aka ƙera shi da ita, tana rubuce a littafin motar, sau da yawa ma a cikin murfin tanki, zaka ga 91 ko 95 ko 98. Oktan ba ƙarfi yake ƙarawa ba, jure matsi ne ba tare da fashewa da wuri ba. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka kuma lissafinsu daban, 87 ɗinsu ya yi kusan daidai da 91 a ɗaya ma'aunin, don haka kada lambar ta ruɗe ka. Gwajin shine ka bari tankin ya yi ƙasa, ka canza gidan mai, in ana sayar da mai lamba sama ka zuba shi, ka yi tafiya a hankali ka saurara. In ta tafi ka samu amsarka ba tare da an taɓa sufana ba.

In bata tafi ba sai a duba sauran. Motocin zamani suna da wata sensa a jikin bulok wadda aikinta kenan sauraren wannan ƙarar, da ta ji sai kwamfutar mota ta ɗan jinkirta kyastawar fulogi. To kaga in har kai da kunnenka kana jin ta kullum a irin wannan motar, ko sensar ta mutu ko wayarta ta tsinke, ko kuma matsalar ta fi ƙarfin abinda kwamfutar zata iya gyarawa. Iska tana iya yin yawa fetur ya yi kaɗan, saboda wani tiyo ya tsage yana shan iska ta ɓarauniyar hanya, ko nozul sun toshe, ko famfon fetur ya yi rauni, irin wannan haɗin kuwa zafinsa ya fi yawa. Bawul ɗin EGR wanda yake maido da ɗan hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna yana iya toshewa da baƙin dauɗa. Ita kanta dauɗar tana taruwa akan fistin ta rage fili, matsi ya ƙaru. Fulogi ma ina ganin mutane suna raina shi, a saka duk wanda zarensa ya shiga, alhali kowane fulogi yana da iyakar zafin da yake riƙewa, in ka saka wanda ya fi zafi bakinsa yana iya yin ja har ya kunna fetur tun lokaci bai yi ba. Ka duba lambar da littafin ya faɗa ka saka ita. Tsofaffin motoci masu distiributa kuma sau da yawa wani ne ya murɗa tayimin da kunne ya kai shi gaba da yawa don mota ta yi tashi, a saita shi da fitilar tayimin. Sannan lagireto da fanka, injin da yake yawan zafi dole ya yi wannan ƙarar.

Masu ƙananun injina masu tobo da suke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ku naku akwai ƙari. Irin waɗannan suna iya kunna fetur kafin fulogi ya kyasta idan aka danne totur inji yana ƙaramin juyi, kuma dukan yana da ƙarfi sosai, har irin baƙin man da aka zuba yana da hannu a ciki. Shi yasa aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018 sannan API SP a 2020. Ka duba jikin galan kafin a juye maka, kuma ka daina jan mota a babbar giya tana nishi.

Yanzu ƙarar salansa, irin wadda ta same ni. Ita tana da saurin kaɗawa kamar zzzrrr na kwano, tana zuwa a wani juyi guda ta wuce idan ka haura shi, kuma zaka iya kiranta mota tana tsaye, wani ya riƙe totur a daidai wurin kai kana zagayawa kana saurare. A fili ake wannan fa, ba a rufaffen gareji ba, hayaƙin mota yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Idan inji ya huce sarai sai ka bi salansar daga gaba zuwa baya kana bubbugawa da hannu ko gudumar roba. Faranti mai lilo zai tona kansa. Ka duba robobin da suke rataye da bututun ko ɗaya ya tsinke har bututun yana taɓa jikin mota. In ka iso wajen katalis, wato tulun nan da yake kusa da inji, ka buga kaji kamar duwatsu suna motsi a ciki, to abin cikinsa mai kamar saƙar zuma ya farfashe, kuma in gutsuren ya toshe hanya zaka ga mota bata da ƙarfi a tudu. Kada a canza shi kawai a tafi, a tambayi me ya kashe shi, domin yawanci silinda ce take fashin wuta ɗanyen fetur yana zuwa yana ƙonewa a cikinsa, in ba a gyara wannan ba sabon ma haka zai bi. Shi kuma farantin kada ka bari a cizge shi a yar wai don a huta, yana kare ƙasan mota da tiyon fetur da wayoyi daga zafi, a ɗaure shi da wasa ko kilif na ƙarfe. Kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, sai an saka abin tokare mai ƙarfi.

Akwai wata kuma tik-tik-tik mai kaifi da take fitowa inda salansa ta haɗu da kan inji, tafi ƙarfi da safe ta ragu in ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura, zaka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin. Gaskit ne ko noti ya karye.

Wadda nake tsoro kuma nake so ka ji tsoronta ita ce mai nauyin nan, dum-dum-dum daga can ƙasan inji kamar ana buga guduma a cikin rufaffen ɗaki. Tana ƙara sauri daidai da juyin inji, tana fitowa fili idan inji ya ɗau zafi saboda mai ya tsinke, kuma sau da yawa zaka ji ta sosai in ka ɗan ba da wuta ka saki. Wannan mital ne, wato siraran bawon da suke tsakanin hannun fistin da karanshaf, sun cinye har an samu tazara. Idan ta haɗu da ƙyalƙyali a cikin mai ko jar fitila, kashe motar, a jawo ta. Kowace kilomita da ka ƙara tana iya mayar da aikin canza mital ya koma na sabon inji, domin hannun fistin yana iya karyewa ya fasa bulok ya fito. Kuma don girman Allah kada a zuba maka mai mai kauri ko wani ruwan gwangwani ace ya gyaru, sautin kawai ya ɓoye. Bakaniken da ya san aikinsa zai ɗaura gejin auna turin mai na gaske ya gani da idonsa, zai cire wayar nozul ko ta koyil ɗaya bayan ɗaya, silindar da aka kashe ƙarar ta ragu ita ce mai laifin, zai iya yanka tsohuwar filtar mai ya duba cikin takardarta. In motar otomatik ce ka roƙe shi ya fara leƙa farantin da yake haɗa inji da giya, domin in ya tsage ko notinsa sun kwance yana yin ƙara kusan iri ɗaya da ta mital, an sha buɗe inji mai lafiya saboda shi.

Ta saman inji kuwa, wato ta tafet, siririya ce kuma a hankali take, saboda kamshaf rabin juyin karanshaf yake yi. Sau da yawa mai ne ya yi ƙasa ko ya tsufa. Fistin da ya ɗan yi sako-sako shi kuma da sanyi yake ƙara ya yi shiru bayan 'yan mintuna.

Sarƙar tayimin tana da nata salon, kamar ana jan sarƙa akan kwano, daga gefen da bel yake a yawancin motoci. Tana farawa ne da daƙiƙa biyu ko uku da safe in an tayar da mota kafin mai ya iso abinda yake tamke ta, mutum yace ai tana dainawa, a hankali sai ta fara yi a silo da lokacin taka totur. Jinkirin juye mai shine babban abinda yake kashe ta. Kada ka ja lokaci da ita, don a injina da yawa in sarƙar ta tsallake haƙora fistin da bawul karo suke yi.

Don rarrabe duk waɗannan akwai dabarar da bata cin komai: dogon sukudireba. Ka ɗora bakinsa akan wurin da kake zargi, ka manna mariƙin a ƙashin kunnenka, zaka ji cikin wurin tar. Gwada murfin sama, gefen bulok, murfin sarƙa, jikin altaneta, inda ta fi ƙarfi nan ne gidanta. Amma ka naɗe hannun riga, ka cire duk abinda yake lilo a wuyanka, ka nisanci bel, kuma ka sani fankar lantarki tana tashi da kanta ba sallama. In zargin ya faɗa kan abubuwan da bel yake juyawa, a ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya, a cire shi, a tayar da inji yana sanyi ƙasa da minti ɗaya tunda a motoci da yawa shi yake juya famfon ruwa. In ƙarar ta ɓace to alhamdulillahi ba a cikin inji take ba, sai a juya kowace fule da hannu a ji wadda boris ɗinta yake gurnani ko take girgiɗi.

Idan kuma ba kar-kar bace, gaf ɗaya ce kake ji lokacin tashi ko canza giya, duba robobin da inji yake zaune a kai. A ja birkin hannu, a danne birkin ƙafa sosai, in otomatik ce a saka D a ɗan taɓa totur, a koma R a sake, wani yana tsaye a gefe yana kallon injin, a gefe nace ba a gaban mota ba, in injin yana ɗagowa sosai roba ta yage. Ƙas-ƙas-ƙas da take zuwa sai ka karya sitiyari kana ba da wuta kuma shaf ne, leƙa bayan taya zaka ga robarsa ta fashe giris ya fantsama. Kafin ma ka kai nan ka girgiza akwatin filtar iska da murfin roba na saman inji da ledar ƙarƙashi, suna kwancewa fiye da yadda ake zato.

Na'urar karanta kwamfutar mota tana taimakawa sosai. Motocin kasuwar Amurka tun 1996 da masu fetur na Turai tun 2001 suna da soket ɗin OBD mai baki 16, yawanci a ƙasan sitiyari. P0325 layin sensar nokin ne, wato sensar nan ta jikin bulok mai sauraren ƙarar fashewa, P0171 fetur ya yi kaɗan akan iska, P0401 hayaƙin EGR baya wucewa yadda ya kamata, P0300 fashin wuta, P0016 karanshaf da kamshaf basu daidaita ba wanda sau da yawa sarƙa ce ta miƙe, P0420 kuma katalis. Ka rubuta lambobin kafin kowa ya goge su. Amma lambar unguwa take nuna maka ba gida ba, P0325 zata iya zama waya ce ɓera ya ci, kuma mital ko faranti mai lilo yawanci babu lambar da zasu kawo. In fitilar cek inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, rage gudu ka nemi wurin tsayawa, fashin wuta ne mai tsanani da zai iya ƙona katalis.

Mai dizal kuma injinka dama yana da kwaramniyarsa, abin lura shine in ta canza ko ta ƙaru tare da hayaƙi, a nan nozul ake fara gwadawa.

In ka je gareji kada kace masa kawai mota tana ƙara. Ka ce tana yi ne in ta ɗau zafi, a giya ta huɗu, wajen juyi 2000, a tudu, bata yi a firi, ta fara ne bayan na sha mai ranar kaza, ga sautin a waya. Ka ɗauke shi ku fita tare kai kana tuƙi tunda kai ka san yadda ake kiranta, in ya ji ta ka tambaye shi wane gwaji zai yi ya tabbatar kafin ya kwance komai, kuma duk abinda aka cire a nuna maka shi a hannu kaga inda ya lalace.